Ƙofar da sukari ke rufewa: yadda insulin ke fita daga fankiriyas



Bari in fara da ɗan lissafi. Jinin babban mutum ya kai kimanin lita 5. Da za a tace sukarin da ke cikinsa kaf da sassafe, kafin ya karya kumallo, ba zai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin cokalin shayi guda. Mutumin nan zai zauna ya tashi da malmala biyu ta tuwo, ya kora da kunun zaki, ya antaya wa jininsa ninkin-ba-ninkin wancan cokali. Kafin awa uku ta cika, sukarin ya koma mazauninsa kamar ba a yi ba. Wa ya auna? Da wane mudu?

Mai awon yana cikin wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Na kan ji ana ce mata saifa, wasu su ce matsarmama. Duka biyun gaɓoɓi ne na dabam. Yawancin aikin fankiriyas tsiyaya ruwan narka abinci ne zuwa ƙaramin hanji. A 1869 wani ɗalibin likitanci a Berlin, Paul Langerhans, ya hangi wasu 'yan curi-curi warwatse a cikinta kamar tsibirai a tafki, bai san amfaninsu ba. Sun kai kimanin miliyan ɗaya, amma in an haɗa su ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, sai ga shi da ciwon sukari. A 1921 Banting da Best suka tatso insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. To, maganin ya shiga hannu, amma sai da aka ƙara shekara 60 da 'yan kai kafin a gane yadda jiki ke sanin lokacin sakinsa.

A cikin tsibiran nan akwai ƙwayoyin halitta da ake kira bita. Kowace ɗaya tana riƙe da insulin a ƙunshe cikin 'yan jakunkuna kusan 10,000, tana jiran umarni. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda take sanin yawan sukari: ci take yi. Kamar uwargida ce da ba ta yarda da ido wajen gishirin miya, sai ta kai ludayi baki. Sukarin gulukos yana shiga ƙwayar a sauƙaƙe, har yawansa a ciki ya yi daidai da na jini. Nan wani sinadari mai suna gulukokinas ke tarbarsa. Wannan sinadari malalaci ne, kuma lalacinsa ne amfaninsa: in sukari kaɗan ne ba ya ko motsi, sai ya haura wajen milimol 5 a lita sannan ya miƙe tsaye. Shi ne mudun. Abin da ya kama, sai a ƙone shi a murhun ƙwayar, wato maitokondiriya, a sami ATP, sinadarin da jiki ke ajiye ƙarfi a cikinsa. Yawan ATP ke nan ya zama labarin yawan sukari.

Yanzu ku kawo birni mai ganuwa a ranku, irin Kano ta da. A jikin fatar ƙwayar akwai ƙofofi, kowace da irin wanda take bari ya wuce. Ɗaya ta fotasiyam ce. Muddin mutum bai ci abinci ba, a buɗe take, fotasiyam yana ta sulalewa waje, kuma da yake yana ɗauke da cajin lantarki, fitarsa kan bar cikin ƙwayar a kan kimanin milibolt 70 ƙasa da sifiri. A wannan hali ƙwayar barci take. Da ATP ya yawaita, sai ya manne wa ƙofar ya rufe ta. Fotasiyam ya rasa mafita, cajin ciki ya ɗaga, ɗagawar nan ta buɗe wata ƙofa ta biyu, ta kalsiyam. Kalsiyam ya kwararo ciki, ya ingiza jakunkunan nan su haɗe da fatar ƙwayar su juye insulin a jini. Frances Ashcroft da abokan aikinta a Oxford ta Ingila su ne suka nuna, a 1984, cewa sukari ne ke sa wannan ƙofa rufewa.

Zubowar kashi biyu ce. Akwai ta farko mai ƙarfi, ta minti goma ko ƙasa, daga jakunkunan da ke bakin ƙofa a shirye. Sai ta biyu mai tafiyar hawainiya, wadda ke ci gaba muddin sukari na sama. Ta farkon ce ke fara ɓacewa a ciwon sukari nau'i na 2, tun mai shi bai ji komai a jikinsa ba. Shi ya sa awon safe kan fito lafiya lau, alhali bayan cin abinci sukarin na yin tashin gwauron zabo.

Ƙofar ba ita kaɗai ke da magana ba. Ƙanshin miya kawai ya isa jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta raɗa wa ƙwayar cewa baƙi na tafe. Tsoro ko gudu kan saki adirenalin, shi kuma ya ce a dakata, tsoka na bukatar sukarin. Sai hanji. A 1964 aka tabbatar cewa sukarin da aka sha ta baki ya fi wanda aka ɗura ta jijiya jawo insulin, ko da awonsu a jini ɗaya ne. Dalili kuwa, hanji na aika manzanni biyu, GIP da GLP-1. Ku riƙe wannan da kyau: manzannin nan maroƙa ne, zuga suke yi. In sukari bai riga ya rufe ƙofar ba, zugarsu ba ta fitar da insulin ɗin kirki. A kan wannan hanya aka gina exenatide, wanda asalinsa daga dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka ne, aka amince da shi a 2005, da kuma Ozempic da ake ta yayi yanzu.

Akwai kuma maganin da ba ruwansa da mudu. A 1942 Marcel Janbon, likita a Montpellier ta Faransa, yana gwada wani magani a kan masu taifot, sai ya ga sukarinsu na faɗuwa warwas, wasu har suka rasu. Daga wannan tsautsayi aka sami dangin magungunan salfonilyuriya, cikinsu har da glibenclamide da ke cike da kyamis-kyamis ɗinmu. Shekaru aka yi ana rubuta su ba a san inda suke taɓawa ba. Ashe ƙofar fotasiyam ɗin nan suke kamawa su rufe da ƙarfin tsiya, akwai sukari ko babu.

Ƙarfin tsiyar nan ya yi rana. A 2004 ƙungiyar Andrew Hattersley a Exeter ta gano cewa yawancin jariran da ciwon sukari ke kamawa kafin wata 6 ba ƙwayoyin bita suka rasa ba. A da yawansu ƙofar ce aka haife su da ita mai taurin kai, ba ta jin ATP. Insulin na nan jibge, ba mafita. Aka gwada ba su ƙwayar salfonilyuriya, kusan 9 cikin 10 suka ajiye allura, wasu bayan shekaru suna tsira wa kansu ita kullum. A ganina, a duk tarihin wannan fanni ba inda aikin ɗakin gwaji ya biya wahalarsa kamar nan.

Inda ƙarfin tsiyar nan ya zame mana abin lura shi ne watan azumi. Dattijo ya haɗiyi glibenclamide da sahur. Kafin azahar abincin ya ƙare, mudun ya ce a daina, amma maganin na nan riƙe da ƙofa, insulin na ta zuba. Wajen la'asar sai gumi, jiri, rawar jiki, bugun zuciya, iyali kuma su ce azumi ne ya kama Baba, a bar shi ya kwanta. Kwanciyar nan na iya zama suma. Don haka ne ƙa'idojin likitoci kan azumin masu ciwon sukari suka ce a guji glibenclamide a Ramadan, kuma duk wanda awonsa ya sauka ƙasa da miligiram 70, wato milimol 3.9, ya sha ruwa nan take. Gliclazide ɗan gidansu ne amma ya fi sauƙin haɗari, metformin kuwa bai ma bi ta wannan ƙofa ba.

Ga ɗalibanmu da za su zauna a ɗakin duba marasa lafiya: wannan hira da majiyyaci tun Rajab ake fara ta, mako 6 zuwa 8 kafin ganin wata. Ku ce ya zo da kwalin maganin a hannu, don yawanci launin ƙwayar ya sani, bai san sunanta ba.