Ɗan Dutsi, garin bakin tabki

Zancen yau na garin Ɗan Dutsi ne.

Nijar ba ta da teku. 'Yan ci-rani da suka je Kwatano ko Abijan su ne suka gan ta da idonsu. Amma akwai garuruwan da ke zaune bakin ruwa, suna ci daga ruwa. Ɗan Dutsi na cikinsu. Yana cikin jahar Tawa, arewa maso yamma da Birnin Konni, tafiyar kilomita 80 ko kusa.

A da, tabkin garin ƙarami ne. Damina ta cika shi, rani ya shanye shi. Kewaye da shi duk gonakin hatsi ne da dawa. Bayan babban farin 1973, sai ga ruwan sama mai yawa a watan Yuli na 1974. Ruwa ya malale kwarin, ya cinye gonaki, ya zauna. Mai gona ya wayi gari gonarsa tana ƙarƙashin ruwa. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga wanda ya fito daga yunwa.

To, amma ruwan nan ya zo da nasa arziki. In tabkin ya cika yana rufe hekta wajen 1.800, ko da yake zurfinsa bai kai mita 2 ba in an daidaita. An zuba irin kifi a ciki: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, har da giwan ruwa. Ana banda kifin, ana shanya shi, ana kai shi kasuwa. In ruwa ya fara ja da baya, manoma su bi laima su shuka rogo, masara, wake, dankali da albasa. Makiyaya kuma su kawo dabbobi shan ruwa. Lokacin sanyi tsuntsaye na zuwa tun daga Turai. Saboda haka a 2005 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye.

Ga inda maganar take. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 300 a jahar Tawa. Bakuna na ƙaruwa, tabki kuwa ba ya ƙaruwa. In aka sare itacen da ke gefe, ruwan sama zai kwaso rairayi ya zuba ciki, tabki marar zurfi kuma ba ya wuyar cikewa. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba. Lambun da ya toshe hanyar shanu, faɗa ne ake shukawa.

Masu tabki kusa da garinsu, a Konni ko Malbaza ko Illela, su zauna da maigari da ma'aikatan gandun daji kafin ruwa ya ja. A shata hanyar dabbobi, a tsai da girman idon taru. Wanda ya iya rubutu cikinku ya rubuta abin da aka yanke, a ajiye takardar wurin maigari.