Kogi ya kai santimita nawa? Tambayar da Tunuga ke jiran amsarta

 

Yau maganar alƙaluma zan yi, waɗanda muke tura wa juna a WhatsApp duk watan Agusta: kogin Isa ya kai santimita kaza a Yamai, an yi ruwa milimita kaza a Gaya. Mu 'yan birni karantawa muke mu wuce. Amma manomin shinkafa a Gatawani, ko masunci a Dole, cikin ƙaramar hukumar Tunuga, da wannan lamba yake yanke shawara. Ya janye injin ban ruwa daga bakin kogi ko ya bar shi? Ya kwashe rumbu da yara zuwa tudu, ko ya ƙara kwana ɗaya? To, kowace lamba daga cikin waɗannan tana ɗauke da kuskure. Masana sun san da shi, suna ma rubuta shi a rahotanninsu, amma kafin labari ya iso ƙauye an goge shi. Ƙofa uku kuskuren ke bi.

Ta farko, ruwan sama. In an ce milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ma'aunin da ke tarar ruwan bakinsa bai kai faifai ba, kuma abin da ya sauka a inda aka kafa shi kaɗai yake gani. Mun san halin hadarin ƙasarmu: a yi kamar da bakin ƙwarya a wannan gari, na gaba ko yayyafi babu. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun jera ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, suka tabbatar da abin da manoma suka daɗe da sani, wato ƙauyuka maƙwabta kan yi damina daban a shekara guda. Saboda haka ruwan Gaya, mai kai wajen milimita 800 a shekara, ba lallai ne ya zama ruwan Tunuga ba. Wani zai ce ai akwai tauraron ɗan Adam. Akwai shi, amma yawanci sanyin saman gajimare yake aunawa, a yi kirdadon ruwan da zai zubo. In babu ma'auni a ƙasa da za a gwada kirdadon da shi, wa zai ce an dace?

Ta biyu, kogin kansa. Abin da ake karantawa a jikin allon awo da aka kafa a bakin ruwa tsawo ne, santimita. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa kuwa lissafa shi ake yi, da wani jadawali da aka haɗa daga awon da ma'aikata suka yi cikin jirgin ruwa a wasu ranaku. Nan gizo ke saƙa. Yashi yana cike cikin kogi, saboda haka santimita 600 na bana ba ruwa ɗaya yake ɗauka da 600 na shekara ashirin da suka wuce ba. Kamar tiya ce da aka bubbuge gindinta: sunanta tiya, amma hatsin ya ragu. Sannan ranar da aka fi buƙatar jadawalin, ranar babbar ambaliya, ita ce ranar da ya fi rauni, don ruwa ya wuce duk inda aka taɓa aunawa, ya fasa gaɓa, ya zagaye allon. A Yamai jan mataki na gargaɗi santimita 620 ne. A Satumba 2020 kogi ya kai 700. Kogin nan dai shi ne ya tsaya cak a Yamai a watan Yuni 1985. Duk jadawalin da zai riƙe waɗannan shekaru biyu, dole a riƙa sabunta shi.

Ta uku, kwamfuta. Masana suna gina kogi a cikin kwamfuta, su zuba masa alƙaluman ruwan sama, ya faɗa musu abin da zai iso. Amma da alƙaluman baya ake koya masa hali, ƙasa kuma ta canza. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa sun ragu, ƙasa ta yi fako, ruwa ba ya nutsewa sai gudu. Shi ya sa rafukan Sirba da Dargol da Gorouol, masu zubowa daga Burkina Faso, suka riƙa kawo ruwa fiye da na da, ko a shekarun da sama ba ta yi yawa ba. Su ne ke kawo jan ruwan Agusta da Satumba. Baƙin ruwa kuwa daga duwatsun Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai lokacin sanyi ya iso mu. Kuskuren sama ya haɗu da na allo, ya haɗu da na kwamfuta, kun ga inda aka kwana.

Yanzu ku dubi inda Tunuga take. Tsakanin Yamai da Gaya kusan kilomita 300 ne. A wannan tsakani Mekuru da Alibori suna shigowa ta ɓangaren Benin, Sota kuma tana zubawa kusa da Malanbil. Ruwansu bai taɓa wucewa ta gaban allon Yamai ba. Ga kuma ruwan da Dallol Mauri ke tarowa daga arewa. Ke nan ana iya cewa Yamai lafiya lau, alhali gonakin Dole suna nutsewa. An rufe gadar Gaya a 2023, amma ruwan Sota ba ya neman takardar wucewa. Hukumar ABN, mai ƙasashe tara kuma mai hedikwata a Yamai, dalilin kafa ta ke nan: kogi ɗaya ne, labarinsa ma ya kamata ya zama ɗaya.

Kar wani ya fita daga nan ya ce na ce a yi watsi da hasashe. A'a. Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET da hukumomin yanayi ke fitarwa kowace shekara da kashi-kashi yake zuwa. Misali, a ce kashi 50 cikin ɗari ruwa zai fi na kullum, 30 daidai, 20 ƙasa da haka. Wannan magana ce ta gaskiya. Mu ne muke yanke ta a Facebook mu rubuta "bana ruwa zai yi yawa". In kashi 20 ɗin ne ya faɗo, manomi ya ce ƙarya suke, baɗi ko an yi gargaɗin gaske ba zai motsa ba. Manomin nan kullum cikin kirdado yake rayuwa. Ka ce masa ruwa zai tsaya tsakanin gindin tsamiya da katangar makaranta, ya san abin da zai yi.

Abin da nake so mu nema, abu uku ne. Na ɗaya, duk sanarwar gargaɗi ta zo da inda aka auna, da ranar da aka auna, da iyakar sama da ta ƙasa, a kuma karanta ta a rediyon gari da Hausa da Dendi da Zabarmanci da Fulatanci. Na biyu, a kafa allon awo da ma'aunin sama a garuruwan bakin kogi na Tunuga, a biya masu karanta su a kan lokaci, a mayar da santimita zuwa alamun da mutanen gari suka sani. An yi irin wannan gargaɗi na gida a kan rafin Sirba, mu ma muna iyawa. Na uku ya rataya a wuyanmu: duk mai ɗan uwa a bakin kogi, a ɗauki hoton inda ruwa ya tsaya, a rubuta rana da sa'a, a tambayi tsofaffi inda ya kai a shekarun baya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekara biyar na irin wannan rubutu za su ba masana abin gyara lissafinsu.

Kuma don Allah, in lamba ta shigo wayarka bana, kafin ka tura ka tambaya: a ina aka auna, kuma yaushe?

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mutanen bakin kogi.