Walimar Salla da cacar taimakon marayu

Ga tambayar da ta iso mana. Wani magidanci yana tara jama'a a gidansa kowace ƙaramar Salla, lokacin da ƴan cirani suka dawo daga Abijan. A ci, a sha, sannan a buga karta da tambola da kuɗi, a ce ribar ta marayu ce. Shin ya halatta?

Walimar alheri ce, amma cacar haramun ce. Larabawan jahiliyya ma haka suke yi: su yanka raƙumi, su yi ƙuri'a da kibau, wanda ya ci ya rabar wa matalauta naman. Duk da haka aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubin caca ya rinjayi amfaninta, aya ta 90 a Suratul Ma'ida kuma ta haramta ta tare da giya. Ba a wanke najasa da najasa.

Ku ci gaba da walimarku. Ku ajiye ƙwarya a zaure, mai jika ya sa jika, mai tiyar hatsi ya kawo, kada kowa ya jira sakayya sai daga Ubangiji. Allah Ya karɓi azuminmu, amin.