Matar da ta mayar da Oscar ɗinta

Yau daga Jega nake magana, kuma tambaya zan fara da ita. Duk finafinan Indiya da muka taso muna kallo, wa ya taɓa tsayawa ya karanta sunan wanda ya ɗinka kayan jaruman? Ni dai ban taɓa ba, sai da na ci karo da labarin Bhanu Athaiya.

An haife ta a Kolhapur a 1929, mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Ta karanci zane a Bombay, ta fara da zana tufafin mata a mujalla, daga nan ta shiga fim da CID a 1956. Kun tuna Lagaan na Aamir Khan, 2001? Kayan ƙauyawan nan duk aikinta ne. Haka Swades na Shah Rukh Khan. Ta yi finafinai sama da 100.

Babban aikinta shi ne Gandhi na 1982. Mutum ɗaya ne, amma sai ta nuna shekarunsa kusan hamsin ta hanyar sutura, tun yana lauya da kwat a Afirka ta Kudu har ya koma ɗaura farin ƙyalle. A 1983 aka ba ta Oscar tare da John Mollo. Ita ce 'yar Indiya ta farko da ta samu, kafin kowane jarumi.

To ga inda abin ya taɓa ni. Aurenta da marubucin waƙa Satyendra Athaiya bai ɗore ba, sun rabu. A 2012 likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta. A shekarar ta tattara kyautar ta mayar Amurka wurin waɗanda suka ba ta, don ba ta yarda akwai mai adana ta bayan ranta ba. Har ta kafa hujja da lambar Nobel ta Tagore da aka sace a 2004. Wallahi ku auna wannan. Daga baya ɓarin jikinta ya shanye, ta rasu a Mumbai ranar 15 ga Oktoba, 2020.

Muna ɗalibai a jami'ar Aliero mun taɓa shirya wasan kwaikwayo. Wata 'yar ajinmu ta kwana uku a kan keken ɗinki, ta haɗa mana alkyabbar sarki da kayan dogarai. Ranar wasa aka kira sunan kowa, har mai riƙe lasifika, ban da ita. Kuma ni ne na rubuta sunayen, har yau kunya nake ji.

Ƙanwata a Maiyama ɗinki take koyo, a gida ana cewa ai don boko bai karɓe ta ba ne. Jiya na tura mata hotunan kayan Lagaan. Ta amsa da cewa wuyan rigar Aamir Khan da hannu aka yi shi, za ta gwada.

Ku rubuto mana sunan telan unguwarku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.