Aure da Rabin Aure a Ma'aunin Doka

Masu sauraro a Taura da sauran ƙasar Ringim, muhawarar da ta raba kawunan masu ra'ayin riƙau a Turai kan auren jinsi ɗaya ta cancanci nazari. Wani ɓangare nasu ya ga cewa idan aka ba 'yan jinsi ɗaya wata yarjejeniyar zaman tare, wadda ta tanadi gado da haƙƙin jinya ba tare da an kira ta aure ba, to an tsare alfarmar aure. Amma tarihi bai gaskata wannan ijtihadi ba, domin Faransa da ta halatta yarjejeniyar zaman tare a 1999 ta halatta auren kansa a 2013, kuma a Ingila firaministan masu ra'ayin riƙau, David Cameron, shi ya jagoranci halattawar.

Nijeriya ba ta bi wannan tafarki ba. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta haramta duka biyun, da ɗaurin shekara 14, alhali fiƙihun Malikiyya da ma bai san wani matsayi tsakanin nikahi da rashinsa ba.

Sai dai, jama'a, hukunci na alƙali ne bayan hujja ta tabbata. Kada zato da ƙazafi su sa wani ya ɗauki doka a hannunsa.