JAWABI GA DIREBOBI KAN ZUBAR DA RUWA DAGA TANKIN BIRKIN ISKA

Wannan jawabi an shirya shi ne domin direbobin manyan motoci da yaransu, musamman masu bin hanyar da ta tashi daga Potiskum ta ratsa Jakusko zuwa Gashuwa da Nguru a Jihar Yobe, suna ɗauke da fasinjoji da shanu da hatsi.

Birkin iska daɗaɗɗen abu ne. George Westinghouse na Amurka ya ƙago shi domin jiragen ƙasa a shekarar 1869, daga baya aka sa shi a manyan motoci. Kwamfureso yana zuƙo iskar waje ya matse ta, ya tura ta cikin tankuna. Iskar da aka matse takan yi zafi, idan kuwa ta huce a cikin tanki sai laimar da ke cikinta ta koma ruwa ta kwanta a ƙasa, haɗe da ɗan man da ke biyowa daga kwamfureso.

A ƙasar Bade da Nguru, inda fadamun Haɗeja da Nguru ke cika da ruwa, laima takan yawaita a cikin iska da damina, musamman a watannin Yuli da Agusta, saboda haka tanki yakan tara ruwa da sauri. Ruwan nan yana haddasa tsatsa, yana lalata robobin bawul, yana kuma cinye wurin da iska za ta zauna. Motar da tankinta ya tara ruwa, iskarta takan ƙare bayan an taka birki sau kaɗan, alhali ga kaya niƙi-niƙi, ga rayukan mutane a ciki.

Maganin abin ba shi da tsada. Kullum bayan an tashi aiki, direba ya tsai da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ya tokare tayoyi da katako, ya kashe inji. Sa'an nan ya buɗe bawul ɗin da ke ƙarƙashin kowane tanki, ya fara da wanda iska ke fara shiga daga kwamfureso, domin shi ya fi tara ruwa. Ya kau da fuskarsa, ya bar shi a buɗe har ruwan ya ƙare sarai, sa'an nan ya rufe. In ya ga mai ya yi yawa cikin abin da ya fito, kwamfureso na bukatar makanike.

Motocin zamani suna da na'urar busar da iska tsakanin kwamfureso da tanki. Idan aka tarar da ruwa a tankin irin wannan mota, alama ce garin da ke tsotse laima a cikin na'urar ya gaji, sai a sake shi.

Da safe kada a ɗaga sai allurar gejin iska ta haura fam 100. Idan ta sauko ƙasa da fam 60 a kan hanya, fitila ko ƙararrawar gargaɗi za ta tashi. Wajibi ne direba ya gangara gefe ya tsaya nan take.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana duba lafiyar motoci a kan hanya, amma jami'inta ba ya ganin abin da ke cikin tanki. Wannan nauyi yana wuyan direba da mai mota. Allah ya kiyaye hanya.