Me Ya Kamata Mu Shuka A Tsakar Gida?

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Ibadan

 

Maganarmu yau a kan filin gida ce. Tun da aka kafa Sabo a 1916 muke ginawa muna ƙarawa, har yanzu da wuya ka ga inuwar bishiya a wasu layuka. Wanda Allah ya hore wa fili a bayan gari, ko dai ya shimfiɗa ciyawa irin ta gidajen Turawa, ko ya malale ko'ina da siminti. To jama'a, duka biyun akwai gyara.

Ita ciyawa, a ƙasar nan da ake ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, kusan duk mako biyu sai an biya mai yanka. In an bar ta ta yi tsawo, sauro da maciji sun sami mafaka. Da rani kuma sai ka sayi ruwa ka ba abin da ba ya shiga tukunya.

Shi kuwa siminti ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka daga kwano kwata yake nufa, kwata ta kai rafi. Manyanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, ta Agustan 2011 kuwa a idonmu aka yi ta.

Shawararmu ita ce, a zuba tsakuwa a hanyar wucewa, ruwa ya riƙa nutsewa. Jikin katanga a dasa lalle. A kafa zogale, reshe ma ya isa, amma a wurin da ruwa ba ya kwanciya, a riƙa sare kansa don ya yi rassa. A yi kunya biyu ta alayyafo da lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira ewedu; cikin mako shida an fara tsinka. Gwanda kan ba da 'ya'ya cikin shekara. Mangwaro dai a nisanta shi da gini da ramin masai, saboda saiwa.

Masu zaman haya, ku cika buhu da ƙasa da takin awaki, ku huda gindinsa, ku shuka. Ran tashi, ku tafi da abinku.

Kafin ruwan bana ya sauka, kowa ya kafa ko da reshe ɗaya. Allah ya sa albarka. Wassalam.